Mai Makulli da Fayil ɗin da Ta Ƙi Ɓallewa

Ƙarfe bakwai saura kwata tsohuwar motar Malam take tsayawa a ƙofar baya ta asibitin, ƙofar da masu wanki da masu kwashe shara suke bi. Matarsa takan sauko a hankali, ƙafar dama tukuna, don gwiwar hagu ta daɗe da yi mata tawaye. Ta rataya jaka, ta rungumi filas ɗin shayi. Shi kuwa Malam, tsohon malamin lissafi ne da ya ajiye alli ya rasa ɗaliban tsokana, ba ya jan mota sai ya leƙo ta taga ya sa mata baki.

"Hajiya, yau ma fa kin bar mabuɗi a jikin ƙofar gida."

"To ba ga ka ba, Malam? Ai amfaninka ke nan."

"Ikon Allah! Mai kulle wa asibiti guda kaya, tata ƙofar a hangame."

Ta yi dariya ta shige. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana bin wannan ƙofa, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Sunanta na yanka yana nan a takardun ofis, amma daga likitoci har masu gadi ba mai kiranta da shi. Mai Makulli, shi ke nan.

Ofishinta yana ƙasa, bayan ɗakin wanki. Ɗaki ne marar taga, mai sanyin da ke ratsa ƙashi, inda babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin marasa lafiya take ta ƙugi. Kujera ɗaya, tebur ɗaya, da wata tsohuwar rigar sanyi rataye a ƙusa. Kafin ta kurɓi shayi takan buɗe jerin makullai a allo ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa: wane fayil ne a kulle, wace kwamfuta ce ta kulle shi, wane aiki ne a cikinta yake riƙe da shi, tun ƙarfe nawa. Wanda ta ga ya daɗe takan rubuta shi a littafinta da biro. Sannan ta miƙe ta fara zagaye, daga teburin karɓar marasa lafiya zuwa ɗakin magani zuwa ɗakin gwaji, tana gaisawa da mutane tana leƙa allunansu.

In sabon ma'aikaci ya tambaye ta mene ne aikin nata takamaimai, ba ta yi masa dogon Turanci.

"Ka san sakatar banɗaki?" take cewa. "To ita ce. Fayil ɗin mara lafiya ɗaya ne, masu son rubutu a cikinsa sun fi ashirin. In biyu suka shiga lokaci ɗaya, na baya yakan shafe rubutun na gaba, ko kuma su cakuɗa, rabin maganar wannan rabin ta wancan. Saboda haka wanda ya fara shiga sai ya sa sakata, saura su jira. Ko karantawa ba a yi sai ya gama, don kada ka karanta rabin magana ka tafi da ita. Ni na ƙera sakatar, ni ce kuma mai gadinta."

Wanda bai ga asibitin nan kafin sakatar ba zai ɗauka wasa ne. A tambayi Mai Gwaji, dattijuwar da ke kula da ɗakin gwajin jini, wadda suka fara aiki shekara ɗaya da ita. Har yau in tana ba da labarin sai muryarta ta canja. Wata rana ta rubuta sakamakon wani dattijo da safe, sakamako mai ban tsoro wanda ya kamata likita ya gani nan take, da rana aka buɗe fayil ɗin babu shi babu alamarsa. Dattijon ya sha wuya ƙwarai kafin a gane. Ta rantse da Allah ta rubuta, aka ce mata in da ta rubuta da an gani, kwamfuta ba ta ƙarya. Aka dakatar da ita, ta koma gida da kunya da cikin wata bakwai.

Mai Makulli a lokacin sabuwar ɗauka ce, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya tambaye ta. Ta dai ƙi yarda cewa rubutu yana tashi sama haka kawai. Mako uku ta yi tana bin sawun lokutan da aka taɓa fayil ɗin, har ta gano cewa a cikin daƙiƙar da Mai Gwaji ta ajiye sakamakon, magatakardan ƙofa shi ma ya ajiye gyaran adireshin dattijon. Shi ya buɗe fayil ɗin tun sakamakon bai shiga ba, da ya ajiye nasa sai tsohon kwafin da ke hannunsa ya hau kan sabon ya danne shi. Ta buga shaidar a takarda ta kai gaban kwamiti. Aka mayar da Mai Gwaji bakin aikinta. Ita kuma aka ce mata, tunda ke kika gano ciwon, nemo maganin. Wata huɗu ta yi tana rubuta tsarin makullin da asibitin yake tafiya a kansa har yau.

Amma makulli ma yana da tasa cutar. Wani lokaci wuta takan ɗauke, ko kwamfuta ta sandare, aikin da ya sa sakatar ya mutu bai cire ta ba. Fayil ya zauna a kulle, ba kowa a ciki. Irin wannan shi take kira maraya. Maraya dole a ɓalle shi, kuma ɓallewar ba ta fi danna madannai biyar ba. Abin da yake da wuya shi ne sanin cewa maraya ne da gaske. Nan ta kafa dokarta, wadda ba ta taɓa karyawa ba: da farko ta tambayi kwamfutar da ta sa makullin ko aikin yana raye. In kwamfutar ta yi shiru, ta buga waya ɗakin. In waya ba ta shiga ba, ta tashi da ƙafarta ta je ta gani da ido.

"Don mutum ya daɗe a banɗaki," take cewa, "ba shi ne ya mutu ba. Ƙwanƙwasa tukuna."

Mai Makulli, ke ce wadda ma'aikata suke gunaguni a kanki in allo ya ce musu a jira, su manta da ke sarai in komai na tafiya daidai. Ke ce kike hawa bene uku don tabbatar da abin da wani zai ce ai a bayyane yake. Dubban mutane sun kwanta a gadajen nan sun tashi, maganinsu bai hau kan sunan wani ba, jinin wani bai shiga takardarsu ba, kuma ko ɗaya a cikinsu bai san akwai ɗaki a bayan ɗakin wanki ba. Ana raba lambobin yabo a asibitin nan duk shekara, a kira masu tiyata a tafa musu, kuma sun cancanta. Ke kuwa ko sau ɗaya ba a kira ki ba. Abin da haushi, wallahi.

To, a bara aka kawo sabon shugaban sashen kwamfuta. Matashi ne mai kaifin kai, ana ce masa Injiniya, kuma a faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Ya gyara abubuwa da dama da suka daɗe a lalace. Sai dai tun makonsa na farko likitoci suka cika masa kunne da ƙorafi ɗaya: muna sauri, allo yana ce mana fayil a kulle yake, a jira, sai an nemo tsohuwar nan ta gama zagayenta. Ya duba ya ga marayun makullai suna fitowa sau biyu ko uku a mako. Ya zauna ya rubuta wata 'yar manhaja mai sauƙi: duk makullin da ya wuce minti biyar, ta ɓalle shi da kanta, ba sai an jira kowa ba. Ya sauko ɗakin Mai Makulli da murnarsa.

"Mama, na kawo miki hutu. Ki saka wannan a babbar kwamfuta, gwiwarki ta huta da bene."

Ta gyara tabarau ta karanta rubutun daga sama har ƙasa. Layi goma sha biyu ne kacal.

"Injiniya, rubutun ya yi kyau. Amma ina wurin da take tambaya ko mai makullin yana raye?"

"Ai minti biyar ɗin ne tambayar. Wa zai riƙe fayil minti biyar yana rubutu?"

"Wanda ya ga kuskure ya tsaya yana gyarawa. Shi ne ma ya fi kowa daɗewa."

"Mama, cikin makullai ɗari da kika bi sawunsu bara, nawa ne kika tarar da mai su a raye? Na duba littafinki. Biyu."

"Biyun nan mutane ne fa."

Ya yi murmushi irin na wanda yake haƙuri da tsoho. Ya ce zamani ya wuce wannan salon, a saka zuwa Juma'a. Ta ce masa da ladabi, ranka ya daɗe, kai ne shugaba, kana da ikon sakawa da hannunka, amma ni hannuna ba zai saka ba. Ya so ya saka ɗin, sai dai tsarin tsoho ne mai lunguna, ita kaɗai ta san cikinsa, yana tsoron ya taɓa wani wuri wani ya rushe. Juma'a ta zo ta wuce. Ran Litinin masinja ya kawo mata ambulan: takardar tuhuma, kan ƙin bin umarnin na gaba. Saura wata uku ta yi ritaya, kuma a shekara talatin da ɗaya ko gargaɗin baki ba a taɓa yi mata ba.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Malam ya ɗauko ta suka isa gida. Ta miƙa wa Malam takardar, ta zauna a bakin gado, sai ga hawaye. Malam ya karanta sau biyu, ya ninke, tsokanar nan tasa duk ta gudu.

"Hajiya, wata uku ne fa ya rage. Ki saka masa abinsa ki fita da farar takarda. In ya ɓaci ai shi ya ba da umarni."

"Malam, in ya ɓaci ba a jikinsa zai ɓaci ba, ba kuma a jikina ba. A jikin wani da ke kwance ne, wanda bai san ana yi ba."

"To in suka kore ki fa?"

"Sai ka samu mai taya ka zaman gida."

Sai ya tashi ya ɗora mata ruwan zafi na gasa gwiwa. Bai sake tayar da maganar ba.

Bayan kwana takwas, ran wata Talata wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wayar ɗakinta ta yi ƙara. Likitan ɗakin haihuwa ne, muryarsa har tana fasa kunne.

"Hajiya, buɗe mini fayil ɗin gado na huɗu yanzu-yanzu! Mace ta haihu jini ya ɓalle mata. Ina son takardar fitar da jini, allo yana ce mini a jira. Minti goma sha ɗaya yana a kulle!"

"Likita, me take samu yanzu?"

"Leda ɗaya muke da ita ta jinin da ke shiga jikin kowa, na rataya ta, ta wuce rabi. In ta ƙare sai na rukuninta, kuma rukunin yana cikin fayil ɗin da kika kulle. Buɗe!"

Ta duba jerin. Kwamfutar ɗakin gwaji ce ta sa makullin. Ta aika mata tambaya, shiru. Ta sake, shiru. Ta ɗaga ɗaya wayar ta buga ɗakin gwaji, layi a cike. Kafin ta ajiye, Injiniya ya faɗo ɗakin yana haki, don shi ma an kira shi. Ya leƙa allon ta saman kafaɗarta.

"Kwamfutar ta mutu, Mama. Ba ta amsawa. Maraya ne, ko makaho ya gani. Ɓalle!"

"Ba ta amsa ba, shi na sani. Ban san ta mutu ba."

"Mace na zubar da jini kina mini wannan?"

Ya miƙa hannu zai ja madannan, ta ɗora tafinta a kai. Ta ƙi ɗagawa. Ta san in maraya ne da gaske, kowane minti da ta ci daga jinin matar nan ta ci shi.

"Minti huɗu, Injiniya. Ga agogo. In huɗu suka cika ban kira ka ba, ɓalle, laifin a wuyana duniya da lahira. Likita, ka ji? Ledar za ta kai minti huɗu?"

"Da ƙyar!"

"To."

Ta fita. Lif, na'urar hawa bene, yana can sama an tsayar da shi da gadon wani, ta kama ƙarfen bene. Mace mai shekara hamsin da tara, da gwiwar da ko tsugunno ba ta yarda da shi, ta dinga cin matakala biyu-biyu. A hawa na biyu, inda ɗakin haihuwa yake, wani mutum ya tare ta, rigarsa duk gumi, idanunsa jajur. Mijin matar ne. Ya ji nas-nas suna cewa Mai Makulli ce ta hana, ya kuma ji wata ta nuna ta.

"Ke ce? Ke ce kike hana matata jini? In ta mutu Allah ya isa tsakanina da ke! Muguwar tsohuwa!"

Maganar ta soke ta har zuciya. Amma ba ta tsaya ba. Ta raɓa ta gefensa ta ci gaba da hawa.

Ta tura ƙofar ɗakin gwaji ta tarar da Mai Gwaji ita kaɗai a tsaye gaban tebur, safar hannu a hannu, kwalabe biyu na jini a gabanta, wayar ɗakin maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa tana ta bugawa. Tana ganinta ta saki wayar ta faɗi.

"Yaya! Alhamdu lillahi! Kada a ba da jinin nan, kada a ba da!"

"Me ya faru?"

"Mata biyu ne a ɗakin haihuwa, suna ɗaya, sunan uba ɗaya, gado na huɗu da gado na tara. Da safe an shigar da sakamakonsu a juye. Rukunin da ke cikin fayil ɗin gado na huɗu na ɗayar ne. Tsohon katinta na gani ya saɓa, sai na buɗe fayil ɗin na riƙe shi da gangan don kada kowa ya karanta, na sake gwajin. Ina cikin yi allon ya sandare. Ina ta kiran ɗakin haihuwa layi a cike!"

Ta yaya layi ba zai cika ba, likita yana kansa yana yi wa ɗakin kwamfuta tsawa? Wayar hannun Mai Gwaji kuwa tana cikin akwatin ajiya a waje, don dokar ɗakin ta hana shiga da ita. Gwajin kuma in ta bar shi ta sauka, lokacin karanta shi zai wuce, sai an sake daga farko.

"Da an ɓalle fa?" in ji Mai Makulli, tana lalubar wayarta a jaka.

"Da takarda ta fito da rukunin da ba nata ba, da an ɗaura mata. A yadda take ɗin nan ba za ta ɗauka ba." Mai Gwaji ta ɗaga kwalba ta duba a haske. "Ni dai na ce a raina, muddin Yaya tana ƙasa ba mai ɓalle shi sai ta zo ta gani. Da wannan na tsaya."

Mai Makulli ta kira Injiniya. Ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara, ya ce saura daƙiƙa ashirin, yatsansa na kan madanni.

"Ɗaga hannunka," ta ce. "Mai shi tana raye."

Sauran ya tafi cikin ƙiftawar ido. Gwajin ya nuna, Mai Gwaji ta rubuta rukunin gaskiya da biro a takarda ta sa hannu, ta ciro leda biyu daga firji ta sauka da gudu da kanta. Ta isa ana matse ɗigon ƙarshe na ledar farko. Ita kuwa Mai Makulli ta durƙusa da ƙyar ta leƙa bayan tebur, ta ga abin da ta zata: an tura firji da safe don shara, ya ja kebul ɗin da ke haɗa kwamfutar da babbar ta ƙasa ya zare shi. Kwamfutar lafiyarta lau, magana ce kawai ba ta iya yi. Ta mayar da kebul, allon ya farfaɗo. Da Mai Gwaji ta dawo ta ƙarasa gyaran fayilolin biyu, makullin ya saki da kansa.

Sai a sannan ta ji zafin gwiwar. Ta zauna a kan matakala ta jingina kai da bango tana ta sauke numfashi, masu wucewa suna raɓa ta. Gwiwar ta kumbura suntum, mako guda tana ɗingishi da sanda.

Matar gado na huɗu ta tashi. Bayan kwana tara aka sallame ta, ta fita ta babbar ƙofa da jaririyarta a kafaɗa, mijin yana biye da kaya yana ta yi wa likita godiya har da durƙusawa. Likitan ya cancanci godiyar, ya yi aiki. Amma mutumin nan har yau bai san wace ce tsohuwar da ya ja wa Allah ya isa a bene ba, bai kuma san me ta je yi sama ba. Mai Gwaji ta so ta nemo shi ta wanke shi tas, Mai Makulli ta hana.

"Bar shi. Matarsa ce a kwance. Ni ma da Malam ne a gadon, da abin da zan faɗa ya fi nasa."

Washegarin ranar da abin ya faru Injiniya ya sauko ɗakin da sassafe. Kujera ɗaya ce, sai ya jawo kwali ya zauna a kai. Ya fara magana jikinsa a sanyaye.

"Mama, jiya ban yi barci ba. Da kin saka abin nan nawa, da tun a minti na biyar ya ɓalle, ba wanda zai ma sani. Da ni da hannuna na kashe ta."

"Ba ka kashe ba. Ka jira minti huɗun, kuma kana da ikon ƙin jira. Wannan naka ne."

"Ki yafe mini. Ki kuma koya mini kafin ki tafi."

Ta zuba masa shayi a murfin filas. Ta ce masa ƙorafin likitoci ma gaskiya ne, jira a asibiti ba abin wasa ba ne, kuma ita ma ta daɗe da sanin tsarin nata yana bukatar hannu. Wata biyu suka yi suna aiki kafaɗa da kafaɗa, tsohuwa da sa'an ɗan cikinta. Yanzu duk wanda ya tarar da fayil a kulle, allo yana nuna masa wanda ya riƙe, da ɗakin da yake, da dalilin riƙewar in ya rubuta. Kwamfutar da ta sa makulli takan aiko da alamar tana raye duk rabin minti. In alamar ta yanke, tsarin ba ya ɓalle komai, ƙararrawa yake bugawa a wayar mai aiki, ya ce masa je ka gani. Lungunan tsohon tsarin da ke cikin kanta kaɗai, ta zauna ta rubuta su dalla-dalla, shafi tamanin, ta damƙa masa.

Takardar tuhumar fa? Injiniya ya rubuta wa ofishin ma'aikata cewa ya janye ta. Aka amsa masa cewa takardar da ta riga ta shiga fayil ɗin ma'aikaci ba ta fita sai kwamiti ya zauna. Ya sake rubutawa, ya je da ƙafarsa sau uku, likitan haihuwa ma ya sa baki. Aka ce kwamitin zai zauna bayan an naɗa masa sabon shugaba. Har yau ana naɗawa. Kai, wani abin sai ofis! Da aka gaya wa Mai Makulli, dariya ta yi, ta ce su bar ta, ai ba ƙarya aka rubuta ba. Amma Malam ya ce abin ya ci mata rai, don mutum ba dutse ba ne.

Ku masu tasowa a wannan sana'a, masu rubuta tsarin da mutane ke jingina rayukansu a kai ba tare da sun sani ba, ga abin koyi a gabanku tun tana raye. Saurin hannunku alheri ne, kada ku yar da shi. Amma duk ranar da kuka ga makulli ya daɗe, na'ura ta yi shiru, manya suna muku tsawa a waya, yatsa yana ƙaiƙayin dannawa, ku tuna cewa wataƙila akwai wani a ɗaya gefen da ya riƙe ƙofar da gangan, yana dogara da ku. Ku tambaya, ku kira, in ta kama ku tashi ku taka. Haka ma duk wanda aka ba amanar wata ƙofa, ko ta ofis ce ko ta ɗakin magani.

Ke kuma, Mai Makulli, 'yar halak, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka san abin da kika yi, da dubban da ba za su taɓa sani ba, har da wanda ya zage ki. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta cikin lafiya da mutunci. Duk wanda ya buɗe fayil ɗinki a ofishin ma'aikata nan gaba zai tarar da takarda ɗaya tak da ta ce kin ƙi bin umarni. Gaskiya ne, kin ƙi. Akwai wata jaririya 'yar wata biyu da 'yan kwanaki a wani gida cikin garin nan, yau da safe ta farka da kuka, uwarta ce ta ɗauke ta.